Bayan An Ce Amin, Wa Zai Ce A'a?

Daren Asabar da ta wuce, a fadarmu ta bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, shayi na biyu bai sauka ba gardama ta kaure tsakanin abokaina biyu. Na farkon yana karatun tafiyar da kamfani, kuma tun yanzu yana taku kamar wanda aka riga aka ba buro da direba. Ya ce: “Ku bar wahal da kanku. Addini shina majami'a ko masallaci, kasuwa tana kasuwa. Wanda duk ya gama su, ko shi yi asara ko shi yi munafunci.” Na biyun, wanda muke zuwa sujada tare ran Lahadi, ya ce shi kam a ganinsa ba abin da muka rasa sai shugabannin kamfani masu tsoron Allah, a samu patron da ke buɗe aiki da addu'a, magana ta ƙare. Suka juyo wurina: “Kai mai nazarin harshe, mi ka ce?” Na ce sukari ya yi yawa a shayin. Aka yi dariya, aka koma maganar ƙwallo. Abin da na haɗiye daren nan shi zan fitar a nan, tunda takarda ba ta katse mutum.

Dukansu biyu sun kauce hanya, amma maganar na biyun ta fi tayar mini da hankali, don daga gidanmu ta fito. Ni Kirista ne, haifaffen Maraɗi, na kuma san mafi yawan masu karanta wannan ɗan littafi Musulmi ne. Ba wa'azi na zo yi muku ba. Rumbunmu zan buɗe. In kun hango wani abu da ya yi kama da na rumbunku, ku kuka sani. Maganata ita ce, bangaskiyar shugaban kamfani ba ta tsinana wa ma'aikatansa da abokan cinikinsa komi sai ranar da ta sa ya ce a'a alhali ɗakin duka ya ce i. In ba ta taɓa yin haka ba, to ta fi rashinta haɗari, don tana ɗinke bakin masu tambaya.

Cutar da nake nufi, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Irving Janis, ya yi littafi a kanta a 1972. Ya bi diddigin yadda mutane masu ilimi da basira kan taru a ɗaki guda su yanke shawarar da ko ɗayansu ba zai yanke ba da shi kaɗai ne, kamar harin da gwamnatin Kennedy ta ɗaure wa gindi a Kuba a 1961, wanda ya watse cikin kwana uku. Na ji wasu na fassara sunan da ya ba abin da “tunanin garke”. Ba laifi, amma mu ba mu bukatar aro. Muna da ɗan bi yarima a sha kiɗa, muna kuma da ɗan amshin Shata, kuma ba abu ɗaya ba ne. Na farkon bai san inda aka nufa ba, kiɗa ya ji ya bi. Na biyun ya san waƙar sarai, aikinsa kawai ya maido da baitin a lokacin da ya dace, ko ya yarda da abin da ke cikinsa ko bai yarda ba. Manyan ofisoshi ba su cika lalacewa a hannun na farkon ba.

Tun a 1951 Solomon Asch ya gwada abin da zane-zanen layi. A zaunar da mutum cikin wasu ƴan mutane da aka riga aka haɗa baki da su, a nuna layi guda, a ce a zaɓi mai tsawonsa cikin wasu uku. Amsar a fili take, ko makaho ya shafa ya faɗa. Amma in sauran duka suka faɗi ta kuskure da murya ɗaya, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi su aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki a gwajin shi ne wani reshe nasa: da zarar an sa mutum guda cikin taron ya faɗi gaskiya, bin taron sai ya faɗi warwas. Mutum guda tak. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi.

Yanzu ku ɗan yi haƙuri da ni in shiga gonarmu ta nahawu. Hausa tana da wani wakilin suna da masana ke kira mutum na huɗu: an, aka, ana, ake, za a. Ba ni ba ne, ba kai ba ne, ba shi ba ne, amma aiki yana aukuwa. Faransanci yana da ɗan'uwansa, wato “on”. Abu ne mai kyau a wurinsa: da shi ake kunya, da shi ake girmama babba, shi ya sa za ka ji an ce wa maigida “an dawo lafiya?” Amma da shi ne kuma yaro ke cewa “an fasa tulu” alhali kaskon yana hannunsa. Ku saurari duk wurin da ake cuta cikin taro, za ku ji mutum na huɗu ne ke aiki dare da rana. Haka ake yi. An ce a sa hannu. An riga an gama magana. Babu wanda ya taɓa ganin fuskar wannan An, ba shi da albashi, ba a kai shi kotu, amma shi ne ma'aikaci mafi ƙwazo a kamfanoni da yawa.

Ga labarin da ya sa na ƙi yarda da abokina na sujada. A jihar Misisipi ta kudancin Amurka an yi wani kamfanin wayar tarho mai suna WorldCom. Ƙaramin abu ne da aka fara a 1983. Bernard Ebbers, haifaffen Kanada, wanda ya taɓa koyar da ƙwallon kwando ya kuma riƙe ƙananan masaukan baƙi, ya karɓi ragamarsa a 1985. Ya yi ta saye kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, har a 1998 ya haɗiye MCI, wanda ya fi shi girma, ya zama na biyu a duk Amurka wajen kiran nesa, bayan AT&T. Hedkwatarsa kuwa tana wani ƙaramin gari da ake kira Clinton. Ebbers shi ne ainihin patron da abokina ke mafarki. Ɗan ikilisiyar Baptis ne, yana koyarwa a makarantar Lahadi a garin Brookhaven, yana buɗe taron kamfani da addu'a, yana ba da kyauta mai yawa. Ba ni da ikon shiga zuciyarsa, ban kuma ce addu'arsa ta ƙarya ce ba. Abin da kawai zan iya dubawa shi ne abin da addu'ar ta hana da abin da ba ta hana ba.

Mukan ɗauka shugaba shi ke ba da waƙa, na ƙasa ke amshi. A nan shugaban ma ɗan amshi ne. A shekarun nan akwai wata magana da ta cika kasuwar sadarwa, wai zirga-zirgar intanet tana ninkawa duk kwana 100. Daga gefen WorldCom maganar ta yaɗu, ƴan jarida suka ɗauka, har rahoton gwamnati ya maimaita ta. Wani masanin lissafi, Andrew Odlyzko, ya auna ya ga kusan sau ɗaya a shekara take ninkawa, amma wa zai saurare shi ana tsakar biki? Aka yi ta binne wayoyi a ƙasa da kuɗin bashi, ana jiran cinikin da bai zo ba. Masu hannun jari kuma duk wata uku suna jiran a faɗa musu riba ta hau. Shi kansa Ebbers ya ci bashi mai yawa ya jinginar da hannun jarinsa na kamfanin, don haka in farashi ya faɗi shi ma ya faɗi; har kamfanin ya ranta masa sama da dalar Amurka miliyan 400. Mutumin da ke cikin wannan hali, ko ya kwana yana addu'a, da safe kunnensa yana wurin kasuwa.

Da ciniki ya ja baya a 2000, sai aka shiga gyaran littafi. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. WorldCom yana biyan wasu kamfanoni kuɗin haya don kiran abokan cinikinsa ya bi ta layukansu. Wannan kuɗi ne da ya tafi, a cire shi daga cinikin watan. Su kuwa sai suka riƙa rubuta wani kaso nasa a matsayin kadara, kamar sun sayi kayan aiki da za su daɗe. Ka ɗauki ɗan kabu-kabu da ya ƙona man jika biyu yau, da dare ya buɗe kayensa ya rubuta cewa da kuɗin nan wani ɓangare na sabon babur ya saya. A takarda ya ci riba, har dukiyarsa ta ƙaru. A aljihu babu komi, man kuma ya zama hayaƙi. Haka aka yi da dala miliyar 3.8, kuma dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. In ka juya shi sefa ya haura miliyar dubu biyu. Daga baya da aka tona sosai, jimillar ta kai wajen miliyar 11.

To wa ya rubuta? Ba An ba ne. Akwai wata ma'aikaciyar lissafi, Betty Vinson, wadda labarinta ya fi na Ebbers hana ni barci, don ta fi kama da mu. A watan Oktoba na 2000 aka umarce ta, ita da abokin aikinta, su motsa dala miliyan 828 ba bisa ƙa'ida ba. Sun san ba daidai ba ne, sun faɗa wa na gaba da su, har suka yi niyyar barin aikin. Sai babban jami'in kuɗi, Scott Sullivan, ya kira su ya lallashe su da misali: kamfanin kamar jirgin ruwan yaƙi ne da jiragensa ke sama, a bari su sauka lafiya tukuna, sannan mai son tafiya ya tafi. Ku duba gwanintar. Bai ce musu ƙarya halal ce ba. Ya mai da wanda zai ƙi sa hannu maci amanar ƴan'uwa da ke sama. Aka kuma ce sau ɗaya ne. A Afrilun 2001 aka dawo da miliyan 771, ta sake shigarwa. Albashinta gidanta ya dogara da shi, aikin irinsa ba shi da yawa a garin, har ƙarin girma aka yi mata. Ko sisi ba ta sace ta kai gida ba. A 2005 kotu ta yanke mata wata biyar a kurkuku. Ran nan mutum na huɗu bai zo kotu ba, sunanta aka kira.

A ginin guda akwai Cynthia Cooper, mataimakiyar shugaba mai kula da binciken cikin gida. A Clinton ta girma, WorldCom kuwa shi ne abin alfaharin jihar baki ɗaya, kuma ita ma albashinta ne ke riƙe da gidanta da ƴaƴanta mata biyu. Ita ma Kirista ce, ta kuma sha faɗa daga baya cewa bangaskiyarta da iyalinta ne suka riƙe ta a lokacin. Abin da ya fara jan hankalin ƴan sashenta, ni da nake ɗalibin harshe ya fi komi burge ni: kalma ce. Sun yi ta cin karo da wani suna a littattafan kamfanin, mai ma'ana kamar “ƙarfin layi da aka biya tun gaba”. Sunan yana da kamannin ilimi, ana rubuta shi, ana wuce shi. Cooper ta tambaya: mene ne ma'anarsa? Ba wanda ya iya ba da amsa mai kan gado, don babu irin wannan abu a ilimin lissafin kuɗi. Ƙirƙirarsa aka yi don ƙarya ta samu rigar sawa. Ita da ƴan sashenta suka koma aikin dare a ɓoye, suna bin alkaluma ɗaya bayan ɗaya. A watan Yunin 2002 Sullivan ya nemi ta ɗage binciken zuwa gaba. Ta ƙi. Ta bi ofis ofis tana neman takardun shaida. Vinson ta ce ita ta shigar amma ba ta da takarda. Babban mai kula da lissafi, David Myers, ya amsa cewa babu su. Ta kai maganar gaban kwamitin bincike na hukumar kamfanin, ran 25 ga Yuni aka sanar wa duniya.

Kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da guɗa. An sanar da korar ma'aikata 17,000. Ran 21 ga Yuli kamfanin ya bayyana karyewarsa, mafi girma a tarihin Amurka zuwa lokacin. Mutanen da suka zuba kuɗin fanshonsu a hannun jarinsa suka wayi gari hannu wofi. Mujallar Time ta sa Cooper cikin gwarazanta uku na shekarar, amma a wurin aiki akwai masu ganin da ta yi shiru da an lallaɓa an wuce. Shi kuwa Ebbers, wanda ya riga ya sauka tun Afrilu, ya tsaya gaban ikilisiyarsa ya tabbatar musu cewa ba da ɓarawo suke sujada ba. A kotu kariyarsa ita ce bai san lissafi ba, bai san abin da ake yi ba. An yi, ke nan. A 2005 aka yanke masa shekara 25. An sake shi don rashin lafiya a ƙarshen 2019, ya rasu a farkon 2020.

Abokina na sujada, ga Kiristoci biyu a kamfani ɗaya, jiha ɗaya, Littafi ɗaya. Da ma'auninka, Ebbers ne zai ci jarrabawa, don shi ake gani yana addu'a. Ni kuwa ina zargin addu'ar nan ta buɗe taro tana iya zama wani ɓangare na cutar. Ka duba kalmar amin. Ba labari take bayarwa ba, sa hannu ce da baki. Mutum goma sha biyu sun sunkuyar da kai, shugaba ya roƙi Allah ya sa albarka a abin da za a tattauna, kowa ya ce amin da murya ɗaya. Ɗakin ya riga ya yi gwajin yarda sau ɗaya, yarda ta biyu sai ta zo da arha. Wa zai ɗaga hannu bayan minti biyar ya ce alkaluman nan ba su yi masa ba? Ai kamar ya janye amin ɗinsa ne. Masu binciken da kotu ta naɗa sun gano cewa hukumar WorldCom ta amince da sayen wani kamfani na dala miliyar 6 a taron wayar tarho da bai cika awa guda ba. Wani rahoton na 2003 ya ce da aka kawo shawarar rubuta ƙa'idojin ɗa'a na kamfanin, Ebbers ya kira abin babban ɓata lokaci. Mi za a yi da ƙa'ida, tunda mai gidan mutumin Allah ne? Laifin kuma ba nasa kaɗai ba ne. Mu ma a majami'u an fi koya mana biyayya da kiyaye zumunta fiye da yadda ake ce wa dattijo “ban yarda ba” cikin ladabi. Yaron da ya yi shekara ashirin yana amshi, ba ranar da ya samu buro zai koyi ƙin yi ba.

Alhali Littafin da muke riƙewa bai ɓoye wannan ba. A littafin Sarakuna na fari, sura 22, sarki Ahab yana son fita yaƙi, ya tara annabawa wajen ɗari huɗu, duka suka ce ya tafi, nasara tasa ce. Ku lura, ba bokaye aka ce ba, masu magana da sunan Allah ne, har ɗayansu ya ƙera ƙahonin ƙarfe don ƙawata wa'azinsa. Baƙon sarki, Yehoshafat na Yahuza, shi ne ya ji yardar ta yi santsi da yawa, ya tambaya ko babu saura. Ahab ya ce akwai wani Mikaiya, amma ya tsane shi don bai taɓa faɗa masa mai daɗi ba. Manzon da aka aika kiransa ya ba shi shawara a hanya, irin shawarar da Sullivan ya ba Vinson: kowa ya riga ya faɗi abu ɗaya, kai ma daidaita bakinka. Mikaiya ya faɗi abin da ya gani, ya sha mari, aka jefa shi kurkuku da ɗan abinci da ɗan ruwa. Ahab ya tafi yaƙin, bai dawo da rai ba. Muna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban yarda ba. Sarki ne ke zaɓen wanda zai ci tuwo a fada da wanda zai ci mari. Don haka ƙarfin halin shugaban kamfani kashi biyu ne: ya iya ce wa kasuwa da takwarorinsa a'a, ya kuma iya biyan albashin mutumin da ke ce masa a'a, ya zaunar da shi kusa. Na biyun ya fi wuya, ban kuma cika jin ana wa'azinsa ba.

Kai kuma mai karatun kamfani, na san mi za ka ce: Cooper aikinta kawai ta yi, wanda bai yarda da Allah ba ma zai iya. Gaskiya ne, kuma da yawa sun yi. Ban ce Kiristoci ne suka sayi gaskiya suka kulle a ɗaki ba. Labarin Ebbers ma ya isa ya hana ni faɗin haka. Amma ka amsa mini: Vinson ma ta san aikinta, ta san ƙa'ida, ilimin lissafi bai gaza mata ba. Abin da ya gaza shi ne wurin tsayawa in ɗakin ya juya maka baya. Kowa sai ya samo wannan wuri daga wani waje. Abin da bangaskiyarmu ke cewa, in an ɗauke ta da gaske, shi ne akwai wani mai sauraro ban da waɗanda ke ɗakin, kuma a gabansa nahawu ba shi da mutum na huɗu, kowa da sunansa zai amsa. Ka tuna mutum guda na gwajin Asch, wanda kasancewarsa kawai ke sa a iya faɗin abin da ido ya gani? Mai bi na ƙwarai yana shiga taro da yaƙinin cewa ba shi kaɗai ba ne. Kai kana so ya ajiye wannan a ƙofar buro kamar takalmi. In ya ajiye, mi ya rage masa? Amshi. Kuma rabuwar da kake wa'azi, addini can kasuwa nan, ai ita Ebbers ya yi a aikace: Allah ya samu minti biyu na farko, masu hannun jari suka samu sauran taron.

Akwai gargaɗin da ya wajaba in yi wa ɓangarena. Ba duk mai tsayawa shi kaɗai ne Mikaiya ba, wani taurin kai ne kawai ke damunsa. Na san masu bi da in aka ƙi shawararsu sai su ce ana tsananta musu saboda Almasihu, alhali shawarar ce ba ta da kai. Shugaban da ke cewa “Allah ya nuna mini” don ya rufe muhawara, shi ma ƙahonin ƙarfe ya ƙera. Cooper ba da mafarki ta je gaban kwamiti ba, da takardu ta je, bayan ta tambayi kowa ta ba shi damar ya nuna mata inda ta yi kuskure. Sannan a duba wa zai biya kuɗin a'ar. In a'arka kai take ci, albashinka da gaisuwar maƙwabta, da alama ta gaske ce. In wasu take ci kai kana samun tafi, ka sake dubawa.

Na ce rumbunmu zan buɗe, to ga ƙasansa. Hutun bara na yi aiki a wata magaza ta kayan gini a garinmu. Mai ita dattijo ne a ikilisiya, abokin mahaifina, Baba nake ce masa tun ina yaro. Kowace safiya kafin a ɗaga ƙofa sai mun tsaya an yi addu'a, kuma wallahi ina jin daɗin abin, har na yi ta ba abokina na sujada labari. Ina jin ma daga nan ya samo ra'ayinsa. Wata rana wani wakilin poroje ya zo sayen siminti na ginin azuzuwa a wani ƙauye. Buhu 200 aka loda. Mai riƙe da lissafi ya miƙo mini faktir ya ce in rubuta 260, tunda rubutuna ya fi kyau. Na tsaya da bik a hannu. Ya ce: “Kai ɗan lakkol, haka ake yi da ƴan poroje. In ba a yi ba su tahi magazar gaba, can a yi musu. Mu nan mutum tara muke ci.” Na ce: “Baba ya sani?” Ya ce: “An sani.” Ni da na ci jarrabawa a kan wannan wakilin suna, na ji shi da kunnena, na gane abin da yake yi, na kuma rubuta 260 da kyakkyawan rubutuna. Da marece aka ba ni jika goma. Ran Lahadi na saka jika guda a baiko. Ban san wane bango ne aka rage wa siminti ba, ban san ƴaƴan wa ke zaune ƙarƙashinsa ba.

Shi ya sa daren Asabar na ce sukari ya yi yawa.

Har yau ban san ko Baba ya sani da gaske ba, ko kuwa ya zaɓi kada ya sani, irin zaɓin da masu buro kan yi. Hanya ɗaya ce ta ganewa, in tambaye shi. Ya aiko ta wurin inna yana tambaya ko zan zo bana, kuma bursu ba ta kai ni ƙarshen wata, balle hutu. Kwana biyu ke nan ina gwada jimlar a bakina, a hanyar amfi, a layin abinci. Duk yadda na juya ta, ladabin da aka raine ni da shi sai ya maido ta haka: “Baba, ko an san da faktir ɗin nan?” Ita kuwa wadda ake bukata, mai “ka” a ciki da “na rubuta” a ƙarshe, sau ɗaya na iya faɗinta, a ɗaki, ba kowa. Hutu saura sati shida. Ban ba inna amsa ba tukuna.